Laifin da ba shi da uba

Kowace kwamfuta tana ba da matsala, amma ba kowace ce ke sa mai ita ya ji kamar ya maka ta da ƙasa ba. Masu Mac kan ce tasu ta fi ba da kwanciyar hankali, masu Windows su ce ai kuɗi ne ya yi magana. A ganina tambayar ta fi ƙarfin injiniya, domin tana komawa ga wani tsohon batu na ɗabi'a: idan abu ya ɓaci, wa ke ɗaukar alhakinsa? Ɗan Adam yakan jure wahala muddin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da ke cin ransa shi ne laifin da kowa ke tsame hannunsa daga ciki.

Tun 1981, lokacin da IBM ya fito da kwamfutarsa, Microsoft ya riƙe damar sayar wa wasu kamfanoni manhajar DOS. Daga nan aiki ya rarrabu: wani ya ƙera injin, wani ya yi katin hoto, wani ya rubuta direban da zai haɗa su da babbar manhaja. Sai akawu ya wayi gari, an sabunta masa manhaja da daddare, firintar da ta yi aiki jiya ta ƙi ko motsi. Mai firinta ya ce a tambayi mai manhaja, mai manhaja ya ce a tambayi wanda ya ƙera injin, kamar gidan da ke yoyo, magini na nuna kafinta, kafinta na nuna mai kwano. Ranar 19 ga Yulin 2024 duniya ta ga babban misali. Kuskure ɗaya a sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci. Shuɗin allon Windows mutane suka gani, kuskuren na CrowdStrike ne, shi kuwa Microsoft ya ce yarjejeniyarsa ta 2009 da Tarayyar Turai ce ta hana shi rufe wa irin waɗannan kamfanoni hanyar shiga can cikin manhajarsa. Apple, mai Mac, ya bi wata hanyar, ta tattara komai a hannunsa. Ya ɗan gwada ba wasu izinin ƙera Mac, jagoransa Steve Jobs ya soke shirin a 1997, daga 2020 kuma har ƙwaƙwalwar injin, M1, shi ke tsara abinsa.

Za a ce ai Apple ma yana tafka kuskure. Gaskiya ne, madannan da ya sa wa MacBook tsakanin 2015 da 2019 ɗan ƙura kaɗan ke maƙale su. Amma babu wanda ya ruɗe kan mai laifin, shi ya sa aka kai shi kotu har ya amince ya biya dala miliyan 50 a 2022. Za a kuma kawo Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, a ce ga tsarin da dubban hannaye suka gina, masu amfani da shi kuwa ba su cika ƙorafi ba. Wannan ma bai rushe hujjar ba. Wanda ya zaɓi Linux da kansa ya ɗora alhakin a wuyansa, kuma an ba shi makullin gyara. Wahalar da mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe ba ta zafi kamar wadda aka jibga masa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce, wanda ya tattara alhaki a hannunsa ya tattara iko. Kamfanin da ya ɗauke maka ciwon kai shi ne kuma ya liƙe ram a jikin injin yadda ba za ka iya ƙara shi ba, shi ke yanke ranar da kwamfutarka za ta daina samun sabuwar manhaja. Wannan sukar ban ga ta inda za a kauce mata ba. Rarrabuwar da ta haifi takaicin Windows ita ce ta karya farashi, har ɗalibi a Kano ko Zinder ke iya sayen tsohuwar HP ko Dell, mai gyara ya kwance ta, ya ƙara mata ram, ya sauya batir, ta sake yin wasu shekaru tana aiki.