Ashe Ɓoye Bashi Rufin Asiri Ne?

Kowane mutumin kirki yana roƙon Allah rufin asiri, kuma roƙo ne mai kyau. Amma akwai tambaya ɗaya da ta daɗe tana damuna. Mai bi wanda bashi ya fara yi wa nauyi, ya yi shiru, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa dattawan ekklesiya ba, rufin asiri ya ke yi, ko kuwa girman kai ne ya sa rigar kunya?

Cin bashi ba zunubi ba ne. Mutanenmu sukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi yakan karɓi hatsi a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ya biya da kaka. Ma'aikaci yakan karɓi kaya a kanti kafin ƙarshen wata. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023, abinci da kuɗin mota suka tashi, iyalai da yawa waɗanda ba su saba da rance ba sun shiga. Abin da na ke magana a kai shi ne shirun da ya kan biyo baya.

Bashi mai ruwa ba ya jiran mutum ya gama jin kunya. A ce wani ya ranci naira 50,000, za a ɗora masa 20 bisa 100 kowane wata, ruwan kuma yana haihuwar ruwa. Wata na fari ana binsa 60,000. Wannan, ƙane ko aboki ko 'yan adashi suna iya tsaya masa. In ya yi shiru wata shida, bashin ya kusa 150,000, ga shi bai ƙara karɓar ko kwabo ba. Sa'an nan ya kan ranta a wurin na biyu domin ya biya na farko, ya jinginar da gona domin ya biya na biyu. Gonar da ta shiga jingina kuwa, amfaninta na wani ne, to, da me zai fanshe ta?

Na san wani ɗan'uwa, ma'ajin ekklesiyarsu, mutum mai natsuwa wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Yaronsa ya kwanta asibiti, ya ci bashi. Da mai bashi ya matsa masa, sai ya ɗauki kaɗan daga kuɗin baiko, da nufin ya mayar kafin a yi lissafi. Bai iya mayarwa ba, ya ƙara ɗauka. Da asiri ya tonu, aka sa shi horo, matarsa ta ji labarin a bakin mata a rijiya. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne maganar wani dattijo bayan taron: da ya zo tun farko, baiko na musamman na Lahadi ɗaya ya ishe shi. Ya ji kunyar cewa "ana bina", har ya kai ga a ce da shi ɓarawo.

Ku duba gwauruwar nan ta cikin 2 Sarakuna sura 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka ya mutu da bashi, mai bashi kuwa yana shirin ɗaukar 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ba ta jira sai an tafi da su ba. Ta je wurin Elisha ta faɗi halin da ta ke ciki, ta kuma faɗi iyakar abin da ya rage mata, wato ɗan mai a tulu. Annabin ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna da yawa, ta kuwa bi gida gida. Ƙofa aka rufe sa'ad da ake zuba man, amma kafin wannan sai da ta buɗe baki. Haka kuma a Nehemiya sura 5, talakawa da matansu suka yi kuka a fili, cewa gonakinsu da gidajensu sun shiga jingina saboda yunwa da haraji. Da kukan ya kai kunnen Nehemiya, ya tara manya ya tsauta musu, suka yi alkawarin mayar da gonakin.

Amma kada mu ɗora laifin duka a kan mai bashi. Me ya sa ɗan'uwa ya fi so ya je wurin baƙo mai karɓar ruwa da ya zo wurinmu? Domin ya san mu. Ya san maganar da aka faɗa wa dattijo da dare ta kan kai kasuwa da safe. Ya san akwai masu mai da asirin mutum "abin addu'a" a gaban jama'a, har da sunansa. In haka mu ke, shirunsa yana da dalili, alhakin kuwa har da mu. Dattijon da ba ya iya riƙe bakinsa, kada ya yi mamaki in tumaki suka ɓoye masa ciwonsu.

Sai dai baƙon nan ma ba ya rufa asirin kowa. Masu ba da rance ta waya sukan ba da kuɗi nan da nan, ba shaida, ba ganin ido, shi ya sa mai jin kunya ya ke son su. Amma waɗansunsu, in an makara, sukan aika wa dukan mutanen da sunansu ke cikin wayar mutum, har da Pasto da surukai, cewa macuci ne. Abin ya yi muni har a 2022 hukumar gwamnatin tarayya mai kāre haƙƙin masu saye ta kai wa waɗansunsu samame a Legas, ta kuma sa dokar yin rajista.

To, ya kai ɗan'uwa da ba ka barci saboda bashi, ga shawarata. Ɗauki takarda ka rubuta kowa da ke binka, da nawa ne, da ranar biya, kada ka rage ko ɗaya. Fara nuna wa matarka, gama in aka zo ɗaukar kaya, har da nata za a ɗauka. Ka je wurin mai binka kafin ranar ta cika, ka gaya masa abin da za ka iya biya kowane wata. Mai bashi ya fi sauƙin kai ga wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka yi ta nema. Sa'an nan ka zaɓi dattijo ɗaya wanda ka tabbata yana da riƙon amana. Wataƙila ba shi da kuɗin da zai ba ka, amma yana iya raka ka wurin mai bashi, ya duba lissafin tare da kai, ya hana ka cin sabon bashi a wannan mako.