Neman Lissafi, Rashin Yarda Ne?

A wani ƙauye da na taɓa yin hidima, matan Zumunta sun zauna taro bayan Misa ta Lahadi. Wata matashiya ta miƙe da ladabi ta ce, "Mama, don Allah a karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita." Ma'ajin, dattijuwa ce da ta daɗe tana riƙe da jaka, ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta ajiye a kan benci, ta fashe da kuka. Ta ce an mai da ita ɓarauniya a gaban 'ya'yanta. Daga baya an ƙidaya kuɗin, ko kwabo bai ɓace ba. To, wa ya yi kuskure, mai tambaya ko mai kuka?

Kowa ya san aikin Zumuntar Matan Katolika a ƙauyukanmu. Su ne masu share majami'a, su ne masu girki ran biki da ran makoki. Suna gayya a gonar gwauruwa, suna kai wa majinyaci kunu da sabulu. Kuɗinsu kuwa daga kuɗin wata yake fitowa, da tarar makara, da hayar kujeru da manyan tukwane, da hatsin da suke saya da kaka su sayar da damina. Asalinsa gumin mai ƙosai ne, da mai daddawa, da mai itace.

Hujjar dattijuwar nan ba ta banza ba ce. Zumunci a kan yarda yake tsayawa. Ba a biyan ma'aji albashi, abin da kawai take samu shi ne sunan kirki, don haka tambaya takan zo mata kamar mari. Da yawa daga iyayenmu kuma ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi, suna kuma riƙe shi da tsoron Allah.

Duk da haka, mu dubi Manzo Bulus. Sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe ta shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi. Bulus ba ɓarawo ba ne, amma ya san bai isa a ce Allah ya ga gaskiyar mutum ba, sai 'yan'uwa ma sun gani. Haka nan a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, Manzanni ba su yi fushi ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai domin aikin. Dokar Ikkilisiya da Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya kafa a 1983 ta bi wannan sawu: sashe na 1287 ya ce masu kula da dukiya su ba masu bi lissafin abin da suka bayar, sashe na 1267 kuma ya ce kyautar da aka yi domin wani aiki, aikin nan kaɗai za a yi da ita.

Dalili kuwa shi ne, kuɗin ba na ma'aji ba ne, ba na Uwar Zumunta ba ne, ba kuma na Fada ba ne. Matar da ta hana kanta gishiri ta biya kuɗin wata tana da hakkin ta san ko an sayi magani da shi ko an sayi anko. Littafi kuma garkuwa ne ga ma'aji kanta. Mantuwa gadon ɗan Adam ce. Ranar da maigida ya ce a ba shi rance na taki, ko yaro ya kwanta ciwo da dare, matar da ta san za a karanta littafi ƙarshen wata ta fi samun ƙarfin cewa a'a. Mun kuma gani a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, irin fargabar da ta kama masu ajiyar kuɗin jama'a a ƙarƙashin katifa.

Ita ma mai tambaya tana da nata nauyi. Tambayar da aka yi domin a kunyata dattijuwa zunubi ce, ko da amsarta ta fito daidai. Maganin abin shi ne a mai da lissafi al'ada tun ba a yi zargi ba. A ƙidaya kuɗi mutum biyu, a rubuta a gaban kowa, a karanta da Hausa ko da harshen garin kowane wata. In ma'aji ba ta iya rubutu ba, a haɗa ta da magatakarda, kada a ture ta. Mu firistoci ma wannan magana ta hau kanmu, gama wanda bai karanta lissafin baiko a gaban jama'a ba, ba shi da bakin da zai nemi na mata.

Dattijuwar nan ta koma ta ɗauki makullinta, matashiyar kuma ta zama mai rubuta mata. Allah ya ba mu zuciyar riƙon amana, da tawali'un ba da lissafi. Amin.