Maganin Da Ya Zama Cuta

A shekarar 2015 wani kamfanin Japan ya fitar da wasan kwamfuta mai ban tsoro, Bloodborne. A cikinsa mutanen wani birni sun sami jini mai warkar da kowace cuta, suka dulmuya cikin amfani da shi har ya mayar da su dodanni.

Almara ce, amma ƙasar Anka da Bukkuyum ta ga irinta. A 2010 dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ya zo da gubar dalma, yara wajen 400 suka rasu.

To, laifin wa? Wanda bai sani ba yana da uzuri. Amma bayan an sani, malamai sun ce kawar da ɓarna shi ke gaba da neman amfani. Allah Ya kiyashe mu.