Wanda Ya Tafi Ba a Kira Shi Ba

Ɗana, matso kusa mu yi magana, kuma ka yi haƙuri da ni har in kai aya, domin na san mutumin da zan ambata zai iya sa ka ɗaure fuska. Hafsan sojan Isra'ila ne, kyaftin a cikin dakarun ko-ta-kwana, wato waɗanda suka gama aikin soja suka koma harkokinsu har sai an neme su. Sunansa Elhanan Kalmanson, shekarunsa 41, 'ya'yansa biyar, kuma an kashe shi da safiyar 8 ga Oktoban 2023 a ƙauyen Be'eri da ke dab da iyakar Gaza.

Na san abin da ke ranka, don ni ma yana raina. Dubun dubatar Falasɗinawa sun mutu a yaƙin da ya biyo baya, mata da ƙananan yara da tsofaffi, kuma duk mai zuciya a ƙirji ya zubar musu da hawaye. Ba zan kuma ɓoye maka ba cewa garin da mutumin nan yake zaune, Otniel, matsuguni ne na Yahudawa a kudancin Hebron, cikin ƙasar da Isra'ila ta mamaye tun 1967, irin matsugunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha cewa sun saɓa wa doka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanke kowa na zo yi ba. Dare ɗaya kawai nake so mu duba daga rayuwarsa, don akwai abin da nake so ka ɗauka a ciki.

Ranar 7 ga Oktoba Asabar ce, kuma ranar idi a wurinsu, ranar da Bayahude mai riƙo da addini ba ya tuƙa mota, ba ya kunna wuta. Elhanan ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa shugaban makarantar addini ne a garinsu. Da labari ya iso cewa mayaƙan Hamas sun shiga ƙauyukan kudu, ba wanda ya aiko masa da takardar kira, amma ya ɗauki ƙanensa Menachem suka kama hanya, daga baya wani ɗan'uwansu, Itiel Zohar, ya haɗu da su. Sun tarar da Be'eri tana ci da wuta, ƙauyen da mutanensa ba su fi dubu da 'yan kai ba, aka kashe kimanin 100 daga cikinsu. Suka samu mota mai sulke, suka shiga bin gida-gida suna fito da iyalan da suka kulle kansu a ɗakunan ɓuya tun da sassafe. Mutanen da suka wuni suna jin harbi da ƙaurin hayaƙi ba sa buɗe ƙofa don kawai an ƙwanƙwasa, har sai da ta kai masu ceton suna karanto kalmar imanin Yahudawa daga waje kafin na ciki su yarda.

To, ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Shiga ta farko ba ita ce abin mamaki ba, don jini idan ya ɗau zafi yakan kai mutum inda bai yi niyya ba. Komawar ce abin dubawa. Su cika mota da mutane, su kai su bakin ƙofar gari, su sauke, sannan su juya su sake shiga inda suka ga gawarwaki da idonsu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tun daga yamma har gari ya waye, sai da suka fitar da mutum wajen 100. A wani gida da suka shiga da safe ne ɗan bindigar da ya laɓe a ciki ya harbe Elhanan. A 2024 aka ba tawagar tasu lambar yabo mafi girma ta ƙasarsu, amma lamba ba ta mayar wa marayu uba.

Su wa ya je ceto? Mutanen Be'eri galibinsu ba masu tsananin addini ba ne, kuma a siyasa ba sa ga-maciji da mazauna matsugunai irin nasa. Cikinsu har da Vivian Silver, dattijuwar da ta shafe shekaru tana fafutukar zaman lafiya, tana ɗaukar marasa lafiyar Gaza zuwa asibitocin Isra'ila, ita ma a ranar aka kashe ta. A shekarar 2023 ɓangarorin biyu sun yi ta kai ruwa rana a kan tituna saboda batun sauya tsarin shari'a. Amma da ya tsaya a bakin ƙofar da hayaƙi ke fita, bai tambayi na ciki wa ya zaɓa ba. Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu, ɗana, don ka san labarin Liman Abubakar Abdullahi na yankin Barikin Ladi, wanda a 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Abin da ke damuna shi ne yadda waya ta koya wa yaranmu yin shewa idan an ce wani ya mutu a ɓangaren da ba nasu ba, tun kafin su san ko wane ne, ko me yake yi lokacin da ajali ya riske shi. Na san kai ba mugu ba ne, zafin abin da ka gani ne yake motsa ka. Amma zuciyar da ta saba da murnar mutuwa takan bushe a hankali, kuma ranar da ta bushe ba za ta tsaya a kan Bayahude kaɗai ba, za ta iso kan maƙwabci da ɗan'uwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, saboda rai ne.

Ka ci gaba da yi wa mutanen Gaza addu'a, ka faɗi gaskiya a kan zaluncin da aka yi musu ba tare da tsoro ba. Ranar kuma da ka ji kururuwa daga gidan mutumin da kuka yi shekara ba ku gaisa ba, ɗana, ka sa takalminka ka fita.