Battar Kacici-kacici: Ina Iyakar Dabara, Ina Mafarin Yaudara?

Duk abin da maƙeri ya ƙera, don rage wa mutane wahala yake ƙera shi. Fartanya ta taimaki manomi, wuƙa ta taimaki mahauci, kwaɗo kuma ya sa mai kanti ya yi barci har da munshari. To amma akwai wani irin maƙeri da zai share makonni yana gurzar tagulla, ya fito da 'yar batta mai kyawun gaske, sannan da gangan ya sa ta yi wuyar buɗewa. Ba ta da makulli, ba a ganin marfinta, sai dai ka yi ta jujjuya ta a hannu har ka gano sirrinta. Shin wannan fasaha ce ko aikin baban giwa? Idan kuma fasaha ce, wane haƙƙi ke kan mutumin da ya ɗora wa ɗan'uwansa wahala da gangan?

Da yawa daga cikin masu karatu sun san irin wannan batta, ko da ba su taɓa riƙe ta ba. Ita ce ke tsakiyar littafin nan na Dan Brown, The Da Vinci Code, wanda ya fito a 2003, aka mai da shi fim a 2006, Ron Howard ya ba da umarni, Tom Hanks da Audrey Tautou suka ja ragama. Littafin ya tayar da ƙura saboda abin da ya faɗa game da Annabi Isa (AS), har ƙasar Labanon ta haramta sayar da shi a 2004. Ba wannan ne ya kawo mu ba yau. Battar ce ta kawo mu.

Marubucin ya laƙaba mata suna kiriftes. Siffarta kamar guntun rake, da zobba biyar a jere, kowane zobe ɗauke da haruffan Ingilishi 26. Idan ka jera haruffa biyar da suka ba da kalmar sirri, sai ta zare. A ciki akwai takarda irin ta Misirawan da, an naɗe ta a jikin 'yar kwalbar ruwan kal. Wanda ya ce zai fasa da ƙarfi, kwalbar za ta fashe, ruwan ya cinye saƙon. Wanda kuma ya ce zai yi ta canki-canka, yana da jeri 11,881,376 a gabansa. In yana gwada ɗaya a kowane daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya haura kwana 137 kafin ya ƙure su.

A cikin labarin an ce Leonardo da Vinci ne ya zana ta, amma babu ita a cikin zane-zanen da ya bari. Ƙirƙirar marubuci ce. Haka kuma ruwan kal ba ya narkar da irin waccan takarda cikin ƙiftawar ido. Abin sha'awar shi ne, bayan fitowar littafin sai masu sana'ar hannu a Amurka da Turai suka shiga ƙera ta da gaske, da tagulla da jan ƙarfe, wasu don ado, wasu don saurayi ya ɓoye zoben neman aure a ciki. Abin da alƙalami ya haifa, maƙera ta raine shi.

Yaya ake ƙera ta? Ana samun bututun ƙarfe biyu, ɗaya ya shige cikin ɗaya. A jikin na ciki, inda ake ajiya, sai a dasa haƙora a layi guda. Na waje kuma a tsaga shi a tsaye, yadda haƙoran za su bi ta tsagar su leƙo. Sai a yanka zobba a zura su a kan na waje. Kowane zobe ana yi masa gurbi ɗaya tak ta ciki, daidai ƙarƙashin harafin da aka zaɓa. Muddin gurabun ba su yi layi ba, haƙoran za su tokare. Da zarar sun yi layi, hanya ta buɗe. Dabarar ɗaya ce da ta jakar tafiya mai lambobi, wadda zobbanta uku ke ba da jeri 1,000.

A baki abin da sauƙi, a hannu ne ake gane maƙeri. Idan zoben ya matse, ba zai juya ba. Idan ya yi sakwa-sakwa, mai wayo zai ja bututun a hankali yana juya zobe, ya ji a yatsansa inda haƙori ya faɗa gurbi, ya buɗe ba tare da ya san kalmar ba. Tsakanin matsi da sakwa-sakwa kuwa, tazarar ba ta wuce kaurin gashi ba. Nan magagari ke aiki: a goga, a gwada, a sake gogawa. Ƙarfe ba ya yafiya, abin da ka gurje ya tafi ke nan. Sannan ga sassaƙa haruffa 130 ɗaya bayan ɗaya, kowanne a tazara daidai da ɗan'uwansa. Harafi ɗaya ya goce, zoben ya tashi aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan abin Turawa ne kaɗai. A shekarar 1206, Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya kammala littafinsa kan ƙere-ƙere, a ciki ya bayyana yadda ake kulle akwati da haruffa 12. Kafin nan da 'yan shekaru, a 597 bayan Hijira, wani mai ƙera kayan auna taurari, Muhammad ibn Hamid al-Asturlabi al-Isfahani, ya ƙera akwatin tagulla mai adon azurfa da makullin haruffa. Abin da ya rage na akwatin yana gidan adana kayan tarihi na David da ke Kofanhegan a ƙasar Denmak, kuma jerin da za a iya yi da haruffansa ya haura biliyan 4. A sunan littafin al-Jazari akwai kalmar "hiyal", jam'in "hila", wadda mu ma muka ara. A wurinsa hila na nufin dabarar injiniya. A bakin Bahaushe kuwa ta fi karkata ga makirci. Tsakanin ma'anonin nan biyu muhawarar tamu take.

Mai suka zai ce: malam, wannan duk ɓata lokaci ne. Ɓarawo da guduma zai gama da battar a minti ɗaya. In don tsaro ne, kwaɗon kasuwa ya fi ta. Gaskiya ne, kuma wanda ya ƙera ya sani, wanda ya saya ma ya sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai kwatanta ta da kwaɗo kuskure ne tun daga tushe. Kwaɗo burinsa kada a buɗe shi. Ba ruwansa da hankalinka ko haƙurinka, ko kana da makulli ko ba ka da shi. Ita kuwa batta, ranar da aka buɗe ta ranar ce ta cika burinta. Maƙerinta yana gurza yana tunanin wani mutum da wataƙila ba zai taɓa gani ba: ina zai fara taɓawa, ina zai ruɗe, yaushe zai yi murmushi. Wahalar da ya sa a ciki ita ce kyautar.

Mu Hausawa mun san wannan tun muna yara a dandali. Idan aka ce maka, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," an kulle maka batta ke nan da baki. Ka yi ta laluben amsa. In ka kasa, sai a ce ka ba da gari. Ka ba da Kano ko Katsina, mai tambaya ya karɓa, ya ce tsintsiya. Nan take kowa zai ga amsar ta zauna daram. Amma a ce yaro ya karɓi gari sannan ya ce babu amsa, ko ya kawo wadda ba ta da alaƙa da tambayar, ai daga ranar ba mai sake ba shi gari. Yara ma sun san kacici-kacici amana ne.

Amanar nan ce ke raba dabara da yaudara. Ƙwararrun maƙera sukan yi wa zobba guraben ƙarya, marasa zurfi, don mai lalube da yatsa ya ji kamar ya samu alhali bai samu ba. Wannan dabara ce halattacciya, domin ta toshe hanyar ratse ne kawai, hanyar gaskiya tana nan a buɗe. Amma maƙerin da aikin ya gagare shi, ya liƙe bututun da dalma ya miƙa maka, ya ce ka yi ta gwadawa, wannan ya ci amana. Ya saci lokacinka, ya kuma sa ka zargi ƙwaƙwalwarka a kan laifin hannunsa. A ido battocin biyu iri ɗaya ne. Bambancin yana ciki, inda ba mai gani sai maƙerin da Ubangijinsa.

Haƙƙin bai tsaya nan ba, har da abin da aka ɓoye. Duk abin da aka rufe yana kiran mutum, kuma maƙeri ya san haka. Masu kallon finafinan ban tsoro za su tuna Hellraiser na Clive Barker, wanda ya fito a 1987, daga gajeren littafinsa The Hellbound Heart na 1986. Wani mutum mai suna Frank ya sayi akwati mai adon tagulla yana neman jin daɗin da ya wuce na duniya. Ya yi haƙuri, ya yi dabara, ya buɗe. Sakamakonsa sarƙoƙi masu ƙugiya suka yayyaga shi. Akwatin bai yi ƙarya ba wajen buɗewa, amma tarko ne. Wanda ya yi amfani da son sanin mutane ya ja su zuwa halaka ba zai fake da cewa ai su suka buɗe da hannunsu ba.

Shi ma mai buɗewa akwai nasa haƙƙin. Wanda bai kalli The Da Vinci Code ba ya yi haƙuri, zan taɓa ƙarshensa. Teabing, wanda ya ƙare rayuwarsa yana neman sirrin, ya kai ga kisa da nuna bindiga don ya mallaki battar. Langdon kuwa ya tsaya ya yi tunani a kan alamar da aka bari, wadda ta shafi kabarin Isaac Newton a Landan, ya gano kalmar ita ce tuffa da Ingilishi. Ya zare takardar a ɓoye, ya cilla battar sama. Teabing ya yi tsalle ya cafe, kwalba ta fashe, ashe fanko ya rungumo. Ko da ruwan kal ba ya aiki haka a zahiri, darasin ya tsaya: akwai abin da in ka same shi da ƙarfi, ka rasa shi ke nan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, mai guduma kuwa sai dai ya kwashi tsakuwa.

To ina ruwan marubuci da ɗan fim da wannan dogon zance na maƙera? Ruwa da tsaki. Duk labari batta ne. Marubuciyar da ta ɓoye mana ko wane ne uban yarinya tun shafi na farko, ta kulle zobba ke nan. Mun ba ta kuɗinmu, mun ba ta darenmu, mun bi ta littafi na ɗaya, na biyu, na uku. Mun ba da gari. Haƙƙinmu ne idan ta warware, mu waiwaya baya mu ce, kai, ashe ga alamar nan tun farko, mu ne ba mu lura ba! Wannan daɗin shi ne ribar karatu.

Sai dai kash! Sau nawa muke kai ƙarshe mu tarar an liƙe da dalma? Labari ya cakuɗe, marubuci ya rasa mafita, sai kawai mota ta kaɗe kishiya. Ko wani kawu da ba a taɓa ambata ba ya faɗo daga Saudiyya da wasiyya a aljihu. Ko jarumi ya farka, wai ashe duk mafarki ne. In ka yi magana a ce ai ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma a cikin littafi kai ne ka jera haƙoran, kai ne ka yanka gurabun. Hatsarin da aka shirya masa tun farko yana iya zama ƙarshe mai girgiza zuciya. Wanda aka jawo don a tsere wa aiki kuwa, guduma ce marubuci ya ɗauka ya fasa battarsa da kansa a gaban mai saye.

Mu ma masu karatu da kallo kada mu wanke kanmu. Mai karɓar littafi ya fara da shafin ƙarshe, da mai tura fim gaba don ya ga wa aka aura, da wanda zai shigo ana tsakiyar kallo ya ce ai direban ne ya kashe Alhaji, duk masu guduma ne. Sun san amsa, amma ba su san labari ba. Idan muka saba da haka, mu ne za mu koya wa marubuta cewa gurza ba ta da riba.

Saboda haka amsata ga tambayar farko ita ce, ƙera abu mai wuya da gangan fasaha ce, har ma karramawa ce, domin maƙerin yana ce maka na yarda kana da hankalin da za ka gano. Sharaɗin kawai ya bar hanya ta gaskiya, kuma abin da ke ciki ya cancanci gumin da aka yi. Kafin ka kai rubutunka maɗaba'a, ko ka ɗora kyamara a kafaɗa, ka juya zobbanka da kanka ka gani ko suna buɗewa. In sun tokare, koma ka ɗauki magagari, kada ka nemi dalma.

Allah ya sa mu dace.