Raunin Jiki Ko Raunin Zuciya: Wanne Ake Biya?

'Yan'uwa, idan ma'aikaci ya kai ƙarar wurin aikinsa, aka yi sulhu aka ba shi kuɗi, me aka biya shi? Hannun da ya karye, ko kuwa baƙin cikin da ya hana shi barci?

A Amurka amsar tana iya cin dubban daloli. Tun shekarar 1996 dokar ƙasar ta ce ba a karɓar haraji a kan diyyar rauni ko ciwo na jiki, amma ana karɓa a kan diyyar ɓacin rai, sai dai abin da aka kashe wajen magani. Shi ya sa lauyoyi sukan daɗe suna gardama a kan kowace kalma ta takardar sulhu.

Mu dubi shari'ar Marrita Murphy. Ta fallasa gurɓata muhalli a wani sansanin sojan sama a jihar New York, sai aka ɓata mata suna wajen masu ɗaukar aiki. Aka yanke mata diyyar dala 70,000: 45,000 domin ƙuncin rai, 25,000 domin sunanta. Ta biya harajin dala 20,665, sa'an nan ta nemi a mayar mata, tana cewa damuwa ta sa tana cizon haƙora har suka lalace. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta ba ta gaskiya, bisa cewa mayar wa mutum abin da ya rasa ba riba ba ce. A 2007 alƙalan nan suka juya hukuncinsu.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja, kada mu raina ta. Karaya tana fita a hoton asibiti, ɓacin rai kuwa kowa yana iya cewa yana da shi. Amma a ganinmu wannan dalili ne na tsananta neman shaida kawai. Bai nuna cewa ciwon zuciya ya fi sauƙi ba. Ina ma iyakar take? Haƙoran matar nan jiki ne, abin da ya lalata su kuwa tsoro ne da wulakanci. Doka ta bi inda ciwon ya faro, alhali mai ciwon mutum ɗaya ne.

A Nijeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, muddin likita ya tabbatar. Ita kuwa Murphy, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙararta a 2008.