KWASTAN A ƘOFAR IDO: NASIHA GA SAMARI GAME DA KATUN ƊIN JAPAN

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Shi kaɗai, ba Shi da abokin tarayya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.



Mu mutanen Illela mun san abin da ake ce wa kan iyaka. Tsakaninmu da Birnin Ƙonni tafiyar ɗan lokaci ce, kuma duk motar da ta ɗauko kaya sai ta tsaya a shinge, ma'aikatan kwastan su kwance igiya su duba. Direba ba ya cewa, "Ai buhu ne kawai," a ƙyale shi. Za a ce masa, mun ga buhu ne, amma mene ne a ciki? To, kowane ɗayanmu yana da tasa kan iyakar da Allah Ya ɗora shi gadi a kanta, watau idonsa da kunnensa. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah Ya sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Abin da ya sa na rubuta wannan nasiha shi ne akwai wani kaya da yake shigowa dare da rana, an ɗaga masa shinge, babu mai kwance igiya.

ABIN DA NA GANI

Wata rana bayan an idar da sallar Isha'i na biyo ta gaban wani shagon cajin waya, na tarar da samari sun yi cincirindo, murya ta yi sama, har na zaci faɗa ake yi. Da na matsa sai na ji ashe musu ne a kan wa ya fi ƙarfi tsakanin Goku da Naruto. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko sun samu jam'i. Ya sunkuyar da kai. Wani ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wanga ai katun na, wasan yara na." Wannan ita ce maganar direban nan: ai buhu ne kawai. To, bari mu kwance shi tare, da adalci, domin addininmu ya hana mu yin ƙarya ko da a kan wanda ba Musulmi ba.

Waɗannan finafinai na zane, da ake kira anime, a ƙasar Japan ake yin su. Galibinsu daga littattafan zane ake ɗauko su. Dragon Ball wani mai suna Akira Toriyama ya fara zana shi a 1984, aka mai da shi fim a 1986. Naruto na Masashi Kishimoto ne, ya fara a 1999, aka soma nuna shi a talabijin a 2002. Ba yara ne suke yin su ba. Manyan kamfanoni ne masu neman kuɗi, kuma masu rubuta labarin suna da abin da suka taso a cikinsa na addinin Shinto da addinin Buda. Tulu kuwa abin da aka zuba a cikinsa shi yake tsatsowa.

NA FARKO: AƘIDA

Ya ɗan'uwa, ka san baƙar wutar nan da ake kira Amaterasu a cikin Naruto, wadda kake ambata cikin sha'awa? Sunan abar bautar rana ce a addinin Shinto, kuma tana da babban ɗakin bauta a garin Ise na Japan. Susano da Tsukuyomi su ma sunayen abubuwan bauta ne a wannan addini. Watau bakin da ya karanta Ƙulhuwa da asuba shi ne yake yini yana yabon sunayen gumaka bai sani ba.

A cikin Dragon Ball ana tara ƙwallaye bakwai, wani dodon maciji ya fito ya biya bukata, har ya ta da matattu. A can akwai wanda ake kira ubangijin duniya, akwai wanda ake kira ubangijin halaka, suna cin abinci, suna barci, ana dambe da su. A cikin Death Note, wanda aka nuna a 2006 zuwa 2007, wani ɗalibi ya tsinci littafi, wanda duk ya rubuta sunansa a ciki sai ya mutu, har ɗalibin ya ɗauki kansa abin bauta. Subhanallah! Wannan ai da'awar da sarkin nan ya yi wa Annabi Ibrahim ce, cewa shi ma yana rayawa yana kashewa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 258.

Ku fahimce ni da kyau. Ban ce wanda ya kalli katun ya kafirta ba, Allah Ya tsare mu da kafirta Musulmi ba da hujja ba. Na san babu ɗayanku da ya gaskata cewa maciji yana ta da matattu. Abin da nake ji muku tsoro shi ne sabo. Zuciyar mumini tana girgiza in ta ji an ba wani abin da yake na Allah ne Shi kaɗai. In ta ji sau ɗaya ta girgiza, ta ji sau goma ta yi shiru, to a na ɗari da ita za a yi dariya. Sa'an nan sai ka ji saurayi yana cewa wane ya fi ƙarfin allan wane, ko ya sa wa kansa laƙabi da sunan gunki. In ka yi magana ya ce wasa ne. Ku je ku karanta Suratut Tauba, aya ta 65 da ta 66, ku ga yadda Allah Ya ƙi karɓar uzurin waɗanda suka ce hira da wasa kawai suke yi.

Kuma kada ku zaci masu yin abin nan sun san darajar abin da kuke darajantawa. A 2008 an ga rubutun Alƙur'ani a hannun mugun cikin labari a wani fim mai suna JoJo. A 2019 aka ji sautin kiran salla cikin kiɗan da aka sayar tare da faifan Demon Slayer. Duka biyun kamfanonin sun ba da haƙuri, sun janye kayan. Wannan ya nuna abu biyu: su ba su san iyakokin Allah ba, kuma in Musulmi suka kula suka yi magana ana jin su. Wanda bai duba kaya ba, yaya zai yi magana?

Amma mu ma kada mu ƙara gishiri. Lokacin da malaman Saudiyya suka ba da fatawar hana Pokemon a 2001, saboda caca da wasu abubuwa da suka gani a cikin wasan, sai jita-jita ta bazu cewa sunan wai zagin addini ne da wani harshe. Ba haka ba ne. An gutsuro shi ne daga kalmomin Turanci biyu masu nufin dodannin aljihu. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Mai wa'azin da ya yi ƙarya sau ɗaya, samari suka gano shi, ya rufe wa gaskiya ƙofa.

NA BIYU: KUNYA

Kun fi ni sanin irin shigar da ake zana wa mata a cikin da yawa daga finafinan nan. Kun san tsohon malamin nan na Naruto da yake leƙen mata a wurin wanka, da tsohon malamin Goku mai irin wannan hali, kuma an mai da abin ban dariya. Umurnin runtse ido da ya zo a Suratun Nur, aya ta 30, bai ce sai in mutum ne na jini da tsoka ba. Sha'awa ba ta tambayar ko da alƙalami aka yi hoton. Ga kuma kiɗa a farkon kowane kashi da ƙarshensa. Game da zanen mai rai kansa, hadisai masu tsanani sun zo a Buhari da Muslim a kan masu yin sura, ko da yake wasu malaman zamani sun sassauta a kan abin da aka yi domin koyar da yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita. Amma babu malamin da ya sassauta a kan tsiraici.

NA UKU: LOKACI

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwar Lahadi. Naruto na farko kashi 220 ne, na biyu kashi 500, jimla 720. Kowane kashi kamar minti 23 ne. In ka tara za ka samu wajen awa 276, watau kwana goma sha ɗaya da rabi ba barci ba salla ba cin abinci. One Piece kuwa, wanda aka fara a 1999, ya wuce kashi 1,000 tun a 2021. To, mai karanta izu ɗaya a cikin rabin awa zai sauke izu sittin a awa 30. Ashe lokacin Naruto kaɗai ya isa saukar Alƙur'ani tara. Ya isa a ƙare Ahalari da Ishmawi a gaban malami, a haddace Arba'una Hadisi. Ban sa kuɗin data da na caji da na mai tura fim a memori a cikin lissafin ba.

Hadisi ya tabbata a Tirmizi cewa bawa ba zai gusa ba ranar ƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, a me ya ƙarar da ita. A Buhari kuma an ambaci lafiya da sarari a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu. Waɗannan biyun a hannunku suke yau, ya ku samari. Gobe iyali za su zo, ciwo zai zo, ba za ku same su ba ko da kuɗi.

Wannan dabara tsohuwa ce. Malaman tarihi sun kawo labarin Nadiru ɗan Harisu, Baƙuraishe, wanda yake zuwa Hira ya koyo labarun jaruman Farisa, su Rustum da Isfandiyar. In Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tashi daga majalisa, sai ya zauna a wurin ya ce a zo a ji nasa labarin. Wasu malaman tafsiri sun ce a kansa aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta sauka, mai zargin wanda yake sayen zancen shagala domin ya kawar da mutane daga hanyar Allah. Ku duba: labarin jarumai ne, daga ƙetaren iyaka, an kawo shi daidai wurin da ake sauraren Alƙur'ani. Ban ce mutanen Japan da wannan niyya suka yi nasu ba. Amma in katun ya hana ka jam'i, aikin Nadiru ya yi a kanka, ko da niyya ko babu.

NA HUƊU: HARSHE DA HANNU

Kallo kashi ɗaya ne, hirar da take biyo baya kashi biyu. A teburin mai shayi, a gindin bishiya, a cikin waya, musu ake yi har a kai ga zagin iyaye a kan mutanen da ba a taɓa halitta ba. Alhali kuwa a hadisin Abu Dawuda an yi alkawarin gida a Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya. To ina ga jayayyar da babu mai gaskiya a cikinta?

Sa'an nan wanda ya ce wa abokinsa, "Wallahi sai ka kalli wannan," ya tura masa, ya sani ya zama dillali. Hadisin Muslim ya nuna mai kira zuwa ga shiriya yana da kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi, mai kira zuwa ga ɓata kuma yana da kwatankwacin zunubinsu. Ƙanenka ɗan shekara bakwai da yake leƙen wayarka bai san wasa ne ba, shi. Abin da ya gani shi yake zama masa karatun farko.

TO, MENE NE ABIN YI?

Wani zai ce, "Malam, ai akwai darasi a ciki: haƙuri, da naci, da riƙon amana." Gaskiya ne, akwai. Amma wanda ya san dangin Uchiha kaf, bai san sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna ba, ba darasi yake nema ba. In jarumta kake so, ga Mus'abu ɗan Umairu, saurayin da ya bar daula ya tafi Madina karantarwa. Ga Shehu Usmanu da ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, nan cikin ƙasarmu, da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Kuma in Japan ce ta burge ka, ka tuna su ne suke ƙera Toyota da Honda. Don me muka ɗauki tatsuniyarsu muka bar ƙirarsu? Fasahar kanta kamar wuƙa ce. A 2021 wani kamfanin Saudiyya ya haɗa hannu da kamfanin Toei na Japan suka fitar da fim a kan rundunar giwa da ta nufi Ka'aba. Mai baiwar labari a cikinku ya yi tunanin abin da zai ba ƙannensa.

Saboda haka ga shingaye huɗu, kowa ya kafa a ƙofar idonsa:

1. Duk abin da yake wasa da sunan Allah, ko ya ƙawata tsafi da bautar wani, a rufe shi, a goge shi.
2. Duk abin da za ka kifa wayarka in mahaifinka ya shigo, ba naka ba ne.
3. In ladan ya ɗaga murya, a kashe. Kashi na gaba zai jira ka, sahun farko ba zai jira ka ba. Kuma kada darenka ya cinye asubarka.
4. Kada ka tura wa kowa abin da ba ka son ganinsa a littafinka ranar hisabi, kuma in musu ya tashi ka miƙe ka bar wurin.

Musulunci bai hana hutu ba. Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suka yi wasan masu a masallaci. Amma hutu na mai aiki ne, kuma yana da ma'auni. Ku kuma iyaye da yayye, ku zauna ku tambayi yaranku abin da suke kallo, da lalama, domin duka ba ya goge memori, sai dai ya koya wa yaro ɓoyo.

Allah Ya tsare mana idanunmu da kunnuwanmu da harsunanmu. Allah Ya sa albarka a cikin ƙuruciyarmu, Ya rayar da mu a kan tauhidi da sunna, Ya kashe mu a kansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.